IBRO: GANDIREBAN DA YA SA AREWA DARIYA

'Yan uwana mata, a cikinmu wace ce ba ta taɓa riƙe ciki don dariyar Ibro ba? Daga Kumbotso har Kura da Bunkure, in an gama turara shinkafa an yi sallar isha'i, sai ki ga gida guda an yi cincirindo a gaban bidiyo, uwargida da amarya an manta da kishi, ana ta ƙyaƙyatawa.

Sunansa na yanka Rabilu Musa. An haife shi a 1971 a ƙauyen Danlasan, ya yi makarantar horon malamai ta Wudil, sannan ya kama aikin gandireba a gidan yari. Aiki ne na gwamnati, wata ya ƙare albashi ya zo. Amma sai bawan Allah ya tuɓe kaki ya rungumi wasan kwaikwayo, a lokacin da ake yi wa ɗan wasa kallon marar aikin yi. Ke da kanki, da saurayinki ne ya yi haka, ya za ki ji?

To, Allah Ya yi masa nasibi. Yau ya fito baƙauye, gobe wanzami, jibi direba, yana zare ido yana zuba wauta, Tsigai ko Dumɓaru na fama da shi. Talaka kuwa ya so shi don yana ganin kansa a ciki: bashin mai kanti, rigimar kishiyoyi, ƙaryar arzikin samari wajen zance.

Sai dai dariya ma tana da farashi. A 2008 Hukumar Tace Fina-finai ta Jihar Kano ta gurfanar da shi saboda fim ɗin Ibro Aloko, aka yanke masa ɗaurin wata 2. Allah sarki duniya! Wanda ya taɓa riƙe makullin kurkuku, ga shi an rufe shi a ciki. Da ya fito bai yi zuciya ba, ya koma fagen da ya saba.

Ya rasu a Kano a watan Disamba 2014 bayan jinya, yana dab da cika shekara 43.

Saboda haka 'yar uwa, kada ki raina mutum don sana'arsa. Sa mai baƙin ciki dariya ba ƙaramin aiki ba ne. Allah Ya jiƙan Ibro, Ya kyautata namu zuwan, amin.