Tafiyar Awa 36 A Kan Ƙanƙara, Da Matar Da Aka Bari A Gida

Yau ba labarin ƙirƙira na zo muku da shi ba, abu ne da ya faru da gaske a wata duniya mai nisa, kuma tun da na karanta shi ya hana ni sakat.

Mu marubuta mun saba sa wa saurayi magana a baki, ya ce wa budurwarsa zai ratsa duwatsu da teku saboda ita. Ni kaina na rubuta irin wannan ba sau ɗaya ba, alhali saurayin nawa ko Zariya bai taɓa zuwa a ƙafa ba. To ga wani Bature da ya ratsa duwatsun da gaske, sai dai ba saboda matarsa ya yi ba.

Sunansa Ernest Shackleton. A shekarar 1914 ya bar matarsa Emily da 'ya'ya uku a Ingila, ya nufi Antatika, can ƙarshen duniya ta kudu, a jirgin ruwa mai suna Endurance. Su 28 ne a ciki. Ba su kai gaci ba teku ta daskare ta riƙe jirgin, ta yi ta matsa shi wata da watanni har ya farfashe ya nutse a Nuwamba 1915. Da ƙyar suka kai wani fako da ake kira Tsibirin Giwa, inda babu kowa, babu kuma jirgin da yake bi ta wurin. Sai Shackleton ya bar mutum 22 a can, su shida suka shiga kwalekwalen da bai wuce ƙafa 23 ba, suka yi sama da sati biyu a teku, tafiyar kusan kilomita 1,300, har suka iso tsibirin Jojiya ta Kudu ranar 10 ga Mayu 1916.

To a nan fa take, wai an danne bodari ta ka. Mutanen da suke tsibirin, wato Turawan Nowe masu farautar wel, wannan ƙatuwar dabbar tekun da ake tatsar mai a jikinta, duk a gaɓar arewa suke, su kuwa iska ta jefa su gaɓar kudu. Kwalekwalen ya jigata, biyu daga cikinsu ko tsayuwa ba sa iya yi sosai. Abin da ya rage shi ne a haura tsakiyar tsibirin a ƙafa, wurin da babu mahalukin da ya taɓa ratsa shi, taswirar hannunsu ma bakin gaɓa kawai ta nuna. Tsibiri ne da babu bishiya ko ɗaya, sai duwatsu masu tsini da ƙanƙara mai ramuka a ɓoye, ga shi watan Mayu a can farkon hunturu ne.

Ke 'yar uwa ji guzurinsu. Igiya mai tsawon ƙafa 50, gizagon kafinta don sassaƙa matakala a ƙanƙara, ɗan risho, da abincin kwana uku da kowa ya ɗura a cikin safa. Babu tanti, babu bargo. Kafintansu McNish ya ciro kusoshi daga jikin kwalekwalen ya kafa musu a ƙasan takalma saboda santsi. Da ƙarfe uku na dare ranar 19 ga Mayu, da farin wata, su uku suka kama hanya: Shackleton, da Frank Worsley, da Tom Crean.

Sau da yawa sai sun gama shan wahalar hawa tudu, su leƙa ɗaya gefen su tarar da rami mai zurfi, dole su sauko su sake wata hanya. Da magariba ta kawo jiki suna can saman dutse, hazo yana biyo su ta baya, kuma sun san in dare ya same su a nan daskarewa za su yi. Sai suka nannaɗe igiyar kowa ya zauna a kan rabonsa, na baya ya riƙe na gaba, suka saki jiki suka sulale ƙasa cikin duhu ba tare da sun san abin da yake jiransu ba. Wallahi da na zo nan sai da na ajiye littafin na yi salati. Allah Ya sa tudun dusar ƙanƙara suka faɗa.

Amma wurin da ya fi taɓa ni shi ne wajen asuba, da gajiya ta ci ƙarfinsu suka zauna suka rungumi juna don ɗumi. Nan take Worsley da Crean suka yi barci. Shackleton ya san barci a irin wannan sanyi ba a tashi daga shi, sai ya hana idonsa, ya ba su minti biyar kacal ya tashe su, ya ce musu ai sun yi rabin awa. Su kuwa suka yarda, suka miƙe da sabon ƙarfi. Ƙarya dai ƙarya ce, amma ni na kasa ganin laifinsa.

Da ƙarfe bakwai na safe suka jiyo jiniyar tashar Stromness tana kiran ma'aikata. Duk da haka sai da suka ɗaura igiyarsu suka sauka ta cikin ruwan da yake kwararowa daga kan dutse, suka jiƙe sharkaf. Da yammacin 20 ga Mayu suka shiga tashar bayan awa 36, gashi ya cukurkuɗe, fuska baƙi ƙirin da hayaƙi, har wasu yara biyu da suka fara ganinsu suka ruga a guje. Yanzu masu sha'awa suna bin wannan hanya da tanti da kayan zamani da 'yan jagora, amma sai su kwashe kwana uku ko huɗu.

Sau uku yana ƙoƙarin komawa Tsibirin Giwa ƙanƙara tana tare masa hanya, a na huɗu ne wani ɗan jirgin ƙasar Cile mai suna Yelcho ya kai shi, ranar 30 ga Agusta 1916. Ya tarar da mutum 22 ɗin nan duk da ransu.

To ina Emily? Littattafai sun cika da labarin mazan, ita sai a layi biyu ko uku. Tun aurensu a 1904 rabin zaman duk jira ne, ita ce da renon yara, shi kuwa ga bashi ga tafiye-tafiye. Kusan shekara ɗaya da rabi ba ta san ko matar aure ce ita ko mai takaba ba. Ya dawo, na ce to yanzu kam zai zauna. Ina! A 1921 ya sake shiga jirgi ya nufi kudu, kuma a wannan tsibiri na Jojiya ta Kudu zuciyarsa ta buga ya mutu ranar 5 ga Janairu 1922, yana da shekara 47.

An ɗauko gawarsa za a kai Ingila, har an iso birnin Montebidiyo na ƙasar Yurugwai, sai ga saƙon Emily cewa a mayar da shi tsibirin a binne shi a can. Na daɗe ina juya wannan saƙo a raina. Wata ƙawata ta ce fushi ne, kamar ta ce wa kishiyarta ga mijinki nan ki riƙe. Ni kuwa na fi zaton ta san inda zuciyarsa take tun yana raye, ta kuma haƙura ta bar shi a can. Har yanzu ni da ita ba mu daidaita ba.

An binne shi a Grytviken ranar 5 ga Maris 1922, a tsakanin kaburburan masu farautar wel. Emily ta rayu har 1936. Jirgin nasa kuwa an gano shi a ƙarƙashin teku, zurfin sama da mita 3,000, ranar 5 ga Maris 2022, shekara 100 cif da binne mai shi, sunansa yana nan raɗau a jikin katako.

Sai mun haɗu a fitowa ta gaba in Allah Ya kai mu.