Wa Ke Da Iko A Kan Kwamfutocin Jami'a?

Duk magidancin da ke da ɗa ko 'ya a babbar makaranta ya riga ya san cewa a yau ba a shiga jami'a sai ta ƙofar kwamfuta. Ɗalibin da ke zaune a Chaza, cikin garin Suleja a Jihar Neja, wanda ke neman gurbi a Jami'ar Fasaha ta Tarayya da ke Minna, da kwamfuta zai rubuta jarrabawar shiga, a kanta zai ga ko an ɗauke shi, ta hanyarta zai biya kuɗin makaranta, ya yi rajistar darussa, ya kuma duba sakamakonsa. Idan al'amari ya cije, sau da yawa amsar da za a ba shi ita ce, "Laifin na'ura ne." Amma fa na'ura ba ita ta sayo kanta ba. Akwai mutanen da suka zauna suka yanke shawarar a saye ta, suka zaɓi kamfanin da zai kawo ta, suka kuma ƙayyade wanda zai riƙe mabuɗinta. An tsara wannan bayani ne domin jama'a su san ko su wane ne waɗannan mutane, da abin da doka ta ba kowannensu, da kuma irin asarar da akan yi idan suka kasa daidaitawa.

Yadda Abin Ya Faro

A Arewacin Nijeriya, Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, wadda aka buɗe a 1962, tana cikin na farko da suka mallaki kwamfuta. A farkon shekarun 1970 ta kafa cibiyar kwamfuta, wadda a yau take ɗauke da sunan Farfesa Iya Abubakar, masanin lissafin nan da ya shugabanci jami'ar daga 1975 zuwa 1978. A wancan zamani kwamfuta ƙatuwar na'ura ce guda, a cikin ɗaki mai sanyi, malamai ƙalilan ne ke kai mata aikin lissafi a jikin katin da aka huda. Saboda haka shawara a kanta ba ta da wuyar yankewa, tun da ba ta shafi kowa ba sai masu bincike.

Yanzu kuwa albashin ma'aikata, da makin ɗalibai, da littattafan ɗakin karatu, da takardar shaidar gama makaranta, duk suna cikinta. Wanda ya riƙe ta ya riƙe jijiyar jami'a. Wannan shi ya sa batun ya tashi daga hannun injiniyoyi kaɗai, ya koma batun mulki.

Rabon Iko A Cikin Jami'a

Dokar da ta tsara mulkin jami'o'in tarayya ita ce ta 1993, wadda aka yi wa babban gyara a 2003 domin a ba jami'o'i 'yancin tafiyar da al'amuransu. Bisa ga wannan doka da dokar da ta kafa kowace jami'a, Majalisar Gudanarwa ce ke da iko a kan kuɗi da kadarori da ɗaukar ma'aikata. A cikinta akwai waɗanda Gwamnatin Tarayya ta naɗa, da wakilin Ma'aikatar Ilmi, da wakilan malamai da sauran ma'aikata da tsofaffin ɗalibai. Majalisar Dattawan Jami'a kuwa, watau ta farfesoshi da shugabannin sassa, ita ke da ta cewa a kan koyarwa da jarrabawa da ba da digiri. Shugaban Jami'a, wanda ke yin wa'adi guda na shekara 5, shi ke zartar da abin da majalisun biyu suka yanke. A ƙarƙashinsa ne ake samun daraktan sashen kwamfuta, tare da magatakarda da ma'aji.

Matsalar kwamfuta ita ce ba ta tsayawa a gefe guda na wannan rabo. Alal misali, idan jami'a tana son ta koma yin jarrabawa da kwamfuta, amincewa da hanyar jarrabawar aikin Majalisar Dattawa ne, amma kuɗin gina zauren da sayen injinan da janareto sai Majalisar Gudanarwa ta yarda. Haka kuma jami'a mai mazauni biyu, kamar ta Minna da aka kafa a 1983, wadda ke da harabar Bosso da ta Gidan Kwano, tilas wani ya yanke yadda za a haɗa su da waya ko iska, da kuma sashen da za a fara haɗawa. Daraktan kwamfuta mai ba da shawara ne kuma mai aiwatarwa. Inda aka bar masa yanke hukunci shi kaɗai, an ɗora masa kayan da ba nasa ba. Inda kuma aka yanke ba a tambaye shi ba, akan sayo abin da ba zai yi aiki ba, ya zauna cikin kwali har ƙura ta cinye shi.

Sauran ƙasashe ma sun sha fama da wannan. A 2008 Ƙungiyar Ma'auni ta Duniya ta fito da wata ƙa'ida mai lamba 38500, wadda ta ce aikin shugabannin kowace hukuma game da kwamfuta uku ne: su auna bukata, su ba da umarni, sa'an nan su bi sawu su ga an yi. Na ukun nan ne aka fi yin sakaci da shi, domin bikin buɗe sabon zaure ya fi jan hankali a kan duba ko injinan suna aiki bayan shekara biyu.

Hukumomin Da Ke Waje

Jami'a ba ta yanke komai ita kaɗai. Dokar Sayen Kayan Gwamnati ta 2007 ta wajabta a yi talla, a bar 'yan kwangila su yi takara. Hukumar Bunƙasa Fasahar Sadarwa ta Ƙasa, watau NITDA, wadda aka kafa a 2001 aka kuma yi mata doka a 2007, an ba ta ikon tantance ayyukan kwamfuta na hukumomin tarayya kafin a kashe kuɗi. Kaso mai yawa na kuɗin gine-gine da kayan aiki yana fitowa ne daga asusun TETFund, kuma mai ba da kuɗi ba ya rasa sharaɗi. Hukumar JAMB, wadda ke aiki tun 1978, ta fara jarrabawa da kwamfuta a 2013, ta mai da ita tilas ga kowa a 2015, sa'an nan a 2017 ta kawo tsarin da dole kowace jami'a ta bi ta cikinsa kafin ta ɗauki ɗalibi. Tun 2015 kuma kuɗin makaranta yana shiga asusun bai-ɗaya na gwamnati ne a Babban Banki.

Kowane ɗaya daga cikin waɗannan yana da dalilinsa mai kyau. Amma idan an tara su, sai a ga cewa iko a kan kwamfutocin jami'a ya rabu gida biyu, rabi a harabarta, rabi a Abuja.

Rikicin Biyan Albashi

Babu inda wannan rabuwa ta fito fili kamar a kan tsarin biyan albashi da ake kira IPPIS. Gwamnatin Tarayya ta fara shi a 2007, daga baya ya koma ƙarƙashin ofishin Akanta Janar na Tarayya. Manufarsa ita ce a tattara sunan kowane ma'aikaci da hoton yatsunsa a rumbu guda, a riƙa biyansa kai tsaye ta banki, domin a kawar da ma'aikatan bogi, watau sunayen da ake karɓar albashi da su alhali babu masu su. A watan Oktoba na 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya ba da umarnin cewa duk ma'aikacin tarayya da bai shiga ba, ba za a biya shi ba.

Ƙungiyar Malaman Jami'o'i, watau ASUU, ta ƙi. Hujjarta ta farko ta doka ce: Majalisar Gudanarwa ce ke ɗaukar malami, ita ce kuma ya kamata ta biya shi, gyaran 2003 kuma ya ce takardun umarnin ma'aikatar gwamnati da suka saɓa wa dokokin jami'a ba su hau kan jami'a ba. Hujja ta biyu ta aiki ce. An gina tsarin ne bisa ga rayuwar ma'aikacin ofis, mai wurin aiki ɗaya, wanda ke ritaya a shekara 60. Farfesa kuwa sai ya kai 70, yakan tafi wata jami'a aikin shekara guda, yakan koyar a jami'a ta biyu a matsayin baƙo, akan kuma gayyato shi duba jarrabawar wata makaranta. Malaman sun ce na'urar ba ta san da waɗannan ba. Gwamnati kuma ta tsaya a kan cewa wanda ke fitar da kuɗi yana da haƙƙin sanin wanda ake ba. Mai adalci zai ga cewa kowane ɓangare yana da gaskiyarsa, abin da aka rasa shi ne zama tare tun kafin a gina tsarin.

ASUU ta ƙera nata tsarin mai suna UTAS, aka miƙa wa NITDA ta gwada. A 2022 hukumar ta ce bai ci gwajin ba, ƙungiyar ta musa, aka koma gwaji. Sauran ƙungiyoyin ma'aikatan jami'a su ma suka kawo nasu, tsari ya zama uku ana jayayya a kai.

A tsakanin haka an yi yajin aiki babba har sau biyu. Na farko ya fara a Maris na 2020 ya ƙare a Disamba, ya haɗu da rufe makarantu saboda annobar korona. Na biyu ya fara ran 14 ga Fabrairu, 2022, bai ƙare ba sai ran 14 ga Oktoba, bayan kotu ta ba da umarnin a koma aiki. Gaskiya ne ba albashi kaɗai ya haddasa su ba, akwai batun yarjejeniyar 2009 da kuɗin gyaran jami'o'i, amma batun na'urar biyan albashi yana cikin manyan abubuwan da suka hana sulhu. In an haɗa, ɗalibai sun zauna a gida kusan wata 17. Wasu jami'o'i sai da suka soke shekarar karatu guda. Iyayen da suka biya kuɗin hayar ɗaki sun yi asararsa, ɗalibin da shekarunsa suka matso 30 kuma ya shiga fargabar rasa hidimar ƙasa, tun da wanda ya wuce wannan shekara kafin ya gama, takardar yafewa ake ba shi.

Ran 13 ga Disamba, 2023, Majalisar Zartarwa ta Tarayya, a ƙarƙashin Shugaba Bola Tinubu, ta amince a cire jami'o'i da kwalejojin fasaha da na horon malamai daga IPPIS. Ministan Ilmi na lokacin, Farfesa Tahir Mamman, ya bayyana cewa bai dace shugaban jami'a ya riƙa barin aikinsa yana zarya zuwa Abuja don a shigar da sunan ma'aikaci ba. Mutanen Suleja sun san wannan zarya, domin ta garinsu hanyar Minna zuwa Abuja ta bi. Aiwatar da hukuncin bai zo nan take ba, sai wajen ƙarshen 2024. Nauyin tabbatar da cewa babu sunan bogi a takardar albashi ya dawo ke nan kan Majalisun Gudanarwa, kuma a nan ne jama'a za su auna su.

Haƙƙin Ɗalibi Da Iyayensa

Sunan ɗalibi, da ranar haihuwarsa, da hotonsa, da makinsa, amana ce a hannun jami'a. Dokar Kare Bayanan Jama'a ta 2023 ta ba kowa ikon ya nemi a nuna masa abin da aka ajiye a kansa, ya kuma nemi a gyara in akwai kuskure. Idan aka kutsa rumbun jami'a aka kwashi bayanan da za su iya cutar da masu su, doka ta ce a sanar da Hukumar Kare Bayanai ta Nijeriya cikin awa 72. Ba da aikin kwangila ga wani kamfani ba ya sauke wa jami'a wannan nauyi.

Saboda haka, wanda aka ce masa laifin na'ura ne, kada ya tsaya a shagon kwamfuta yana jayayya da yaron shago. Batun maki ko rajistar darasi, a rubuta wa shugaban sashe, a ba magatakarda kwafe, domin shi ne sakataren majalisun biyu. Batun kuɗi, ofishin ma'aji. A riƙa buga kowace shaidar biya a takarda ana adanawa, kada kuma ɗalibi ya bar kalmar sirrinsa a hannun kowa. Mai son sanin nawa aka kashe a kan wani aikin kwamfuta, da kamfanin da aka ba, Dokar 'Yancin Samun Bayani ta 2011 ta ba shi damar tambaya a rubuce, hukuma kuma ta amsa cikin kwana 7. In duk an bi waɗannan ba a sami biyan bukata ba, sai a kai ƙara Hukumar Sauraron Koke-koken Jama'a, wadda aka kafa a 1975, tana da ofishi a babban birnin kowace jiha, har da Minna, kuma ba a biyan ko kwabo.