Guringuntsin Gwiwa: Abin da Ke Gyaruwa da Abin da Ba Ya Gyaruwa

Masu sauraronmu na Yargalma da Nasarawar Burkullu da Bukkuyum, da na Anka da Bagega, har zuwa Gummi, shirinmu na musamman na yau a kan ciwon gwiwa ne, irin wanda ke sa dattijo ya dafa bango kafin ya miƙe daga sujada, ko tsohuwa ta bar daka don tsayuwar ta gagare ta.

In mahauci ya raba gaɓar ƙafar rago, ku dubi bakin ƙashin. Za ku ga wani abu fari fat, mai santsi, yana ƙyalli. Shi ne guringuntsi. A gwiwar ɗan Adam yawanci kaurinsa milimita 2 zuwa 4 ne, kuma fiye da rabinsa ruwa ne. Shi ke hana ƙashi gogar ƙashi. Abin da ya fi ba ni mamaki a kansa, babu jijiyar jini ko ɗaya da ta ratsa shi. Fata in ta yanke, jini ne ke kawo kayan gyara. Ƙashi in ya karye, jini ne ke haɗa shi, mai ɗori daidaita shi kawai yake yi ya ɗaure. Shi kuwa guringuntsi daga ruwan cikin gaɓa yake samun abincinsa, kuma sai an motsa gaɓar ruwan ke shiga yana fita. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa: sai an motsa.

Tun a 1743 wani likita ɗan Sikotilan mai suna William Hunter ya rubuta wa ƙungiyar masana ta Landan cewa guringuntsi in ya lalace ba ya dawowa. Shekaru sama da 280 ke nan, kuma har yau ba a kawar da maganarsa gaba ɗaya ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2019 mutum miliyan 528 ke fama da wannan cinyewar gaɓoɓi, miliyan 365 daga cikinsu a gwiwa, kuma mata sun fi yawa. A nan yankinmu ba sai an tsufa ba. Wanda ya shekara yana hawa da sauka a ramin zinariya da buhun dutse a kafaɗa, ko ya taɓa faɗuwa da babur gwiwa ta bugu, yana iya fara jin ta tun bai kai arba'in ba.

To, me likitoci suka gwada? Akwai wani labari da nake so ku saurara da kyau.

A birnin Houston na Amurka, wani likitan ƙashi mai suna Bruce Moseley ya daɗe yana yin wani aiki da ya shahara a lokacin: a huda gwiwa, a zura ɗan madubi, a wanke ciki, a kankare guringuntsin da ya yi kaushi. Sai shakka ta kama shi. Shin aikin ne ke warkar da mutane, ko kuwa yardar da suka ba shi? Aka tara majinyata 180, aka bayyana musu komai, suka amince. Sai an shigar da mutum ɗakin tiyata sannan likitan ya buɗe ambulan ya ga abin da zai yi masa. Wasu a wanke a kankare. Wasu a wanke kawai. Wasu kuwa, masu sauraro, a sa su barci, a yi musu 'yan tsage uku a fata, likita ya riƙa karɓar kayan aiki kamar da gaske, a riƙa watsa ruwa don a ji ƙarar wanki, sannan a ɗinke. Ba a taɓa cikin gwiwar ba ko kaɗan. Aka bi su shekara biyu. Da sakamako ya fito a 2002, waɗanda aka yi wa aikin gaske ba su fi waɗanda aka yi wa tsagar fata samun sauƙi ba. Ina jinjina wa wannan likita, domin sana'arsa ce ya ɗora a sikeli da hannunsa. Aikin madubi yana nan da amfaninsa in wani ɓallin ya maƙale ya kulle gwiwa ta ƙi miƙewa. Amma ga gwiwar da ta cinye saboda shekaru, kada magidanci ya sayar da gonarsa a kansa.

Akwai ayyukan da ke cike rami a guringuntsi, zan ratsa su da sauri. A 1959 Kenneth Pridie a Ingila ya nuna a huda ƙashin da ke ƙarƙashin ramin don jini ya fito ya cike gurbin. Yana cikewa, amma da wani abu mai kama da tabo, wanda bai kai na asali ƙarko ba. A Hangari, László Hangody ya riƙa ciro 'yan guntaye daga gefen da ba ya ɗaukar nauyi yana dasawa a ramin. A Suwidin kuma Lars Peterson da Mats Brittberg suka ciro ƙwayoyin guringuntsin mutum, suka raine su a ɗakin gwaji, suka mayar masa. Rahotonsu na 1994 a kan mutum 23 ne. Duk waɗannan na matashi ne mai rami ɗaya a gwiwa lafiyayya. Ba na Baba ba ne da gaɓar ta cinye ko'ina.

Na Baba, in abin ya kai maƙura, shi ne canjin gaɓa da ta ƙarfe da roba, aikin da John Charnley ya daidaita a ƙugu a 1962. Ana yin sa a Najeriya, a Asibitin Ƙashi na Dala da ke Kano da wasu manyan asibitoci. Aiki ne mai kyau, yana tsayar da wanda ya zauna. Sai dai kuɗinsa miliyoyi ne, ga halin da hanyoyinmu ke ciki.

Yanzu ga inda ya fi damuna, kuma mutanen Yargalma da Dareta da Abare da Bagega, da ku nake. Ba wanda ya manta 2010, lokacin da gubar dalma ta hallaka yara kimanin 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, har ƙungiyar likitoci ta MSF ta zo ta yi shekaru tana jinya. Hankali ya tafi kan yara, kuma daidai ne. Amma manyan da suka niƙa dutsen, suka shaƙi ƙurar, dalma tana kwanciya a ƙashinsu shekara da shekaru, tana kuma raunana ƙoda. Su kuma ƙwayoyin da ake sha don ciwon gwiwa, diclofenac da ibuprofen da piroxicam, ƙodar suke taɓawa in aka daɗe a kansu, su kuma ci bangon ciki har ya yi jini. Haɗin nan da ake ƙulla wa mutum a leda a kemis ko a tiren mai talla, guda huɗu ko biyar ba suna, sau da yawa biyu daga ciki aikinsu ɗaya, ga dexamethasone ko prednisolone a tsakani. Za ka tashi garau da safe, ba musu. Amma waɗannan na ƙarshe in aka ɗore a kansu suna kumbura fuska, su ta da sukari da hawan jini, har su kashe kan ƙashin ƙugu. Don Allah, wanda ya yi aikin dutse ya faɗa wa likita haka kafin a rubuta masa magani, a duba masa ƙoda da hawan jini. Diclofenac na shafawa ya fi na haɗiya sauƙin illa, ku tambayi likita.

Allurar cikin gwiwa fa? Tana kwantar da ciwo na 'yan makonni. Amma a wani gwaji da aka buga a Amurka a 2017, waɗanda aka riƙa yi wa ita duk wata uku har shekara biyu, guringuntsinsu ya fi saurin ƙarewa, ciwon kuma bai fi na waɗanda aka yi wa allurar ruwan gishiri raguwa ba. Ƙwayoyin glucosamine masu tsada ma an gwada su a kan mutum sama da 1,500 a 2006, a jimlace ba su nuna wani fifiko a fili ba. Duk wanda ya ɗaga kwalba a kasuwa ya ce za ta tsiro maka da sabon guringuntsi, riƙe kuɗinka.

Abin da ya fi tabbata kuwa kyauta ne. Na ce sai an motsa. Zauna a tabarma, ka jingina da bango, ka miƙe ƙafar. Naɗe zane ka sa a ƙarƙashin gwiwa. Danna gwiwar a kan zanen har ka ga naman cinya ya ɗaure, diddige ya ɗan ɗaga. Ƙirga biyar, ka saki. Sau goma da safe, sau goma da yamma. Hajiya ma za ta iya a ɗakinta. Naman cinya in ya yi ƙarfi shi ke karɓe wa gwiwa kaya. Mai jiki ya rage: kowane kilo ɗaya da ya sauka, kusan kilo huɗu ne ya sauka daga kan gwiwa a kowane taku. Sanda kuma a riƙe ta a hannun da ke ɗaya ɓangaren, in gwiwar dama ce ke ciwo, sanda a hagu. A rage dogon tsugunno. Salla a zaune ga wanda ya kasa, malamanmu sun yi bayaninta, ku tambaye su.

Ana yi mini ishara lokaci ya tafi, ban kai ga masu sikila ba, waɗanda ƙugunsu kan mutu tun suna samari. Sai a shiri na gaba. Abu ɗaya ba zan bari ba. Gaɓar da ta kumbura dare ɗaya, ta yi zafi rau, ga zazzaɓi, yaro ya ƙi taka ƙafa, wannan ba sanyin ƙashi ba ne. Mai yiwuwa mugunya ce a ciki, kuma tana cinye guringuntsi cikin kwanaki kaɗan. Kada a yi tsaga, kada a kafa ƙaho, kada a ɗaure. A nufi babban asibitin Anka ko Bukkuyum ko Gummi a ranar, su za su tura Gusau ko Sakkwato in da bukata.

Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.