Me Ya Sa Farantin Sola Ke Rauni Bayan 'Yan Damina?

Yau daga Tsamaye nake magana, kuma batun sola ne, tunda daga Sabon Birni har Isa da ita muke cajin waya, da ita burtsatse da yawa ke jawo ruwa.

A ƙarƙashin gilashin farantin akwai siririyar leda mai suna EVA, ita ke riƙe ƙwayoyin da ke kama hasken rana. Wannan ledar polima ce, wato dogayen sarƙoƙin sinadari. Ƙaro ma polima ne, kun san yadda yake kumbura in an jiƙa shi. To ita ma EVA tana shan danshin iska, kaɗan-kaɗan. A yankinmu danshi kan sauka ƙasa da kashi 20 cikin 100 da hunturu, a Agusta ya haura 70, ga kuma zafi. Ruwan da ya shiga yakan sa ledar ta saki asid irin na binega, ya ci wayoyin ciki, ledar ta ɗaye, wuta ta ragu.

Yaya masana ke auna wannan? Da haske, ilimin da ake kira sifektiroskofi. Ruwa yana shanye hasken infared, wanda ido ba ya gani, a zangon kusan nanomita 1,450 da 1,940. Sai a haska ledar, a auna hasken da ya dawo. Iya wanda ya ɓace, iya ruwan da ta sha. Kumburin kuma, kun taɓa ganin launukan baƙin mai a kan kududdufi? Kaurin man ke haifar da su. Haka a ɗakin gwaji: in siririn shafen polima ya kumbura, launin da yake mayarwa ya gusa, na'ura ta lissafa kaurinsa.

Saboda wannan matsala, ƙa'idar IEC 61215 ta tanadi a ajiye faranti awa 1,000 a zafin digiri 85 da danshi kashi 85.

Don haka, jama'a, kafin mu haɗa kuɗin solar masallaci ko burtsatse, mu nemi wannan lamba a bayan farantin. In an ga ya yi rawaya ko ƙuraje a ƙarƙashin gilashi, a bar shi komai arharsa. Ɗalibanmu na Jami'ar Usmanu Danfodiyo, kuna da Cibiyar Binciken Makamashi ta Sakkwato, ga aiki nan yana jiranku.

Sai shiri na gaba.