Rautarka Na Mutuwa Tana Tashi? Duba Cajarta Kafin Ka Zagi Kamfanin Layi

Akwai wani mako da na kusa jefar da rautata. Ina tsakiyar tura wa wani aikinsa sai fitilunta su ɗauke, su dawo, in zauna jiran sabis ya kama. Na canza sim, na mayar da ita bakin taga, na yi ta mita da kamfanin layi. Ashe cajar ce, wannan baƙin kan da ke maƙale a soket wanda ba mai kallonsa.

Aikin caja shi ne ta karɓi wutar gida mai ƙarfin 230V ta sauko da ita zuwa 'yar wutar da rauta ke sha. A cikinta akwai kafasita, kuma zafi ne babban makiyinsu: suna bushewa, wani lokaci har su kumbura. Idan suka gaji cajar ba ta mutuwa kai tsaye, shi ya sa take yaudarar mutane. Za ta kunna fitilu lafiya lau, amma da zarar wayoyi sun hau, ko rautar 4G ta shiga neman sabis, sai wutar ta gaza, rauta ta sake tashi daga farko. In ka ga matsalar ta fi zuwa lokacin da kowa ke kan intanet, ko cajar na zafi fiye da kima, ko tana wani siririn kuka, to ka zarge ta.

Gwaji mafi sauƙi shi ne ka ari wata cajar, amma ka fara karanta rubutun da ke ƙasan rautar. Lambar V dole ta zo daidai. Huawei B315 na shan 12V, ita kuwa TP-Link TL-WR840N yawanci 9V take sha, don haka kada ka ce ai bakin ya shiga. Cajar laptop mai 19V ma tana iya shiga ramin, ta ƙona maka rauta nan take. Lambar A kuwa ba laifi ta fi: caja mai 2A za ta ɗauki rauta mai 1A, don abin da take buƙata kawai za ta ja. Ƙasa da haka ne matsala. Ka kuma duba ɗan zanen da ke nuna + da −. Yawanci + ne a tsakiya.

Masu mitar awon wuta, ku kula: gajiyayyar caja tana iya nuna 12V cif idan ba a jona mata komai ba. Nima ta ruɗe ni da haka.

Sai batun fawa banki. Wayar nan mai ɗaga 5V zuwa 12V tana taimakawa idan an ɗauke wuta, amma yi lissafi: rauta mai 12V da 1A na iya neman wat 12, ramin USB mai 5V da 2A kuwa wat 10 ne iyakarsa. Ni dai na fi yarda da ƙaramin UPS na rauta, wanda ke riƙe ta a tsakanin ɗauke wuta da tayar da janareto. In ba ka da shi, zare cajar har sai injin ya daidaita.

Kada ka fasa caja da sunan gyara, domin babban kafasitan ciki na iya riƙe wuta sama da 300V ko bayan an zare ta. Sayi sabuwa. In ka sa mai kyau kuma rautar ba ta daina ba, girgiza bakin wayar a hankali. Idan fitilu suka ƙifta, ramin ne ya saki, mai gyara zai ɗana maka shi da dalma.