Ɓeran Masar: Barbara Ce Ko Ciwo?

Cikin ƙananan dabbobin da yara ke kiwo a gida akwai wanda a ke kira ɓeran Masar. Ya fi ɓeran gida girma nesa ba kusa ba, gama babban namiji ya kan kai kilo 1. Ga shi da gajerun ƙafafu da ƙananan kunnuwa, ba shi kuwa da wutsiyar da za a gani. Ko da ya ke sunan Masar ya bi shi, ba can ne asalinsa ba. Asalinsa Amurka ta Kudu ne, cikin duwatsun Andis, inda ƙasashen Peru da Bolibiya da Ekwado su ke. Mutanen can sun yi shekaru dubbai suna kiwonsa domin nama. Bayan shekara ta 1500 fataken jiragen ruwa suka kai shi Turai, daga baya ya iso Afirka. Yanzu ana kiwonsa a Kamaru da Kongo da waɗansu sassan Nijeriya. In ya sami kulawa ya kan yi shekara 5 zuwa 7 a duniya.

Akwai kuskure iri biyu da masu kiwonsa su kan yi. Na fari, yaro ya ga namiji yana tafiya yana karkaɗa ƙugu, sai ya zaci ya karye, ya raba shi da 'yan'uwansa, ya shiga ɗura masa magani, alhali lafiyarsa lau. Na biyu ya fi muni. Dabba tana kukan ciwo, sai a ce ai wasan barbara ne, a ƙyale ta, da gari ya waye a iske ta mutu. Hausawa sun ce kama da wane ba wane ba ne. Saboda haka ya kamata mai kiwo ya san bambancin abubuwan nan biyu.

Abin da ya sa sanin ke da wuya shi ne, ɓeran Masar gwani ne wajen ɓoye ciwo. Danginsa na daji abincin shaho ne da maciji da sauran mafarauta, su kuwa waɗannan mai rauni su kan fara zaɓa. Don haka ko yana jin jiki sai ya daure, ya yi kamar ba kome. Sa'ad da ciwon ya fito fili, sau da yawa ya riga ya yi nisa.

Yadda namiji ya ke neman mace

Kowa ya taɓa ganin zakara ya saukar da fiffike ɗaya yana kewaya kaza, ko namijin tattabara ya kumbura wuya yana juyi yana kuka. To, ɓeran Masar ma yana da tasa taƙamar. Ya kan sunkuyar da kai, ya ɗan tayar da gashin bayansa, ya riƙa takawa sannu sannu yana karkaɗa ƙugu hagu da dama, yana kewaya macen. Yana yi yana wani gurnani ƙasa-ƙasa kamar na mota daga nesa, har jikinsa ya riƙa rawa. Sa'an nan ya bi ta, ya sansana ta, ya nemi hawa bayanta.

Ba namiji da mace kaɗai ke yin haka ba. In an haɗa maza biyu, su ma su kan yi wa juna gurnani da hawa, domin a san wane ne babba. Mata ma haka su kan yi a tsakaninsu. Muddin ba a ga jini ba, kuma kowa yana samun abinci, ba a bukatar raba su.

Yadda mace ta ke yi

Mace ba kullum ta ke yarda da namiji ba. Lokacinta ya kan kewayo bayan kwana 15 zuwa 17, ba ya kuwa daɗewa, sa'o'i kaɗan ne, galibi da dare. A lokacin ta kan yi ta kai da kawowa, ta yi gurnani, ta hau 'yan'uwanta mata. In an shafa bayanta sai ta tsaya cik, ta lanƙwasa gadon baya, ta ɗaga ƙugu. Wanda bai sani ba sai ya ce bayanta ke ciwo.

In kuwa ba lokacinta ba ne, namiji ya matsa mata, sai ta yi ƙara, ta harbe shi da ƙafar baya, wani lokaci har ta fesa masa fitsari, ta gudu. Da ya ƙyale ta sai ta koma cin ciyawarta kamar ba a yi kome ba. Bayan an yi barbara kuma, a kan tsinci wani ɗan abu fari mai kama da kakin zuma a ƙasan akurki. Daga jikin macen ya ke faɗowa, ba alamar cuta ba ce.

Akwai kuma waɗansu halaye da ke tsorata sabon mai kiwo a banza. Ɓeran Masar, tun ba ƙarami ba, in ya ji daɗi ya kan yi tutsu, ya daka tsalle sama ya juya kamar gugguru a kasko. Ya kan fid da wani farin ruwa kamar madara a gefen ido, da shi ya ke wanke fuska. Bayan kowane kunne akwai ɗan fili marar gashi, haka Allah ya halicce shi. Ya kan kuma ci wani irin kashinsa mai laushi, domin cikinsa na bukatarsa.

Ciwon da ke kama da barbara

Yanzu sai a ɗauki halayen nan ɗaya ɗaya, a gwada su da ciwon da ke kama da su.

Na ɗaya, tafiya. Mai taƙama yana karkaɗa ƙugu ne da gangan, yana taka ƙafafunsa duka huɗu daidai, da an kawo ganye kuwa sai ya bar taƙamar ya sheƙo a guje. Mai ciwo ɗingishi ya ke yi, ko ya ɗage ƙafa ɗaya, ko ya riƙa jan na baya, ko ya haɗa su yana tsalle kamar zomo, ko da mace a kusa ko babu. Wani lokaci faɗuwa ya yi daga hannun yaro, gama ƙashinsa ba shi da ƙwari. Wani lokaci tafin ƙafarsa ne ya kumbura saboda zama bisa waya ko ƙasa mai laima. Amma sau da yawa rashin bitamin C ne. Yawancin dabbobi jikinsu ke yi musu wannan bitamin, amma ɓeran Masar, kamar ɗan Adam, sai ya samu cikin abinci. In ya rasa, gaɓoɓinsa su kan kumbura, dasashinsa ya yi jini. A shekara ta 1907 waɗansu likitoci biyu na ƙasar Norwe, Axel Holst da Theodor Frolich, suka ciyar da ɓerayen Masar da hatsi zalla, suka ga sun kamu da wannan cuta. Aikinsu ya buɗe hanyar da aka bi har aka gano bitamin C.

Na biyu, kuka. Ƙarar macen da namiji ya dama ta kan ƙare da zarar ya bar ta. Amma dabbar da ke zaune ita kaɗai, ta ƙudundune, tana ƙara duk sa'ad da za ta yi fitsari ko kashi, wannan ciwo ne, mai yiwuwa tsakuwa ce a mafitsara. A kuma riƙe wannan da kyau: macen ɓeran Masar ba ta zubar da jini don lokacinta ya zo. In ba haihuwa ta yi ba, duk jinin da aka gani a bayanta ko a shimfiɗarta alamar cuta ce.

Na uku, tsalle da rawar jiki. Mai tutsun murna bisa ƙafafunsa ya ke dira, ya ci gaba da wasa. Amma akwai waɗansu ƙwari ƙanana ƙwarai, ido ba ya ganinsu, masu shiga ƙarƙashin fata su kawo ciwo irin na ƙazwa. Dabbar ta kan yi ta susa har ta ji wa kanta rauni, gashinta ya zube, in abin ya tsananta ta faɗi gefe ɗaya tana shure-shure kamar mai farfaɗiya. Haka kuma wadda ta karkata kai gefe ɗaya tana tafiya tana kewaya wuri guda, ba taƙama ta ke yi ba, galibi ciwon cikin kunne ne.

Na huɗu, hawa. Macen da lokacinta ya zo kwana ɗaya ta kan yi tana damun 'yan'uwanta, sa'an nan ta natsu. Amma in babbar mace ta yi mako da makonni tana gurnani da hawa ba hutawa, gashin kwiɓinta duka biyu yana zuba, cikinta yana girma ba tare da ta haɗu da namiji ba, to, a yi zaton ƙari ne mai ruwa ya fito mata a wurin ƙwan haihuwa.

Na biyar, faɗa. In aka ji suna kaɗa haƙora da ƙarfi, sun fuskanci juna, gashi ya tashi, wannan fushi ne. In an kai ga cizo har jini ya fita, sai a raba su. Amma kada a sa hannu tsirara a tsakani, a jefa musu tsumma ko a sa katako. Sa'an nan a buɗa gashin a duba kunne da wuya da ƙugu, gama ɗan cizo ya kan ɓuya ya zama ƙurji.

Tambaya uku

Yaron da ya rasa gane abin da ke damun dabbarsa, sai ya yi wa kansa tambaya uku. Shin tana cin abinci kamar kullum? Shin tana kashi kamar yadda ta saba, dogaye masu ƙwari? Shin in an kau da abokin zamanta, ko an kawo ɗanyen ganye, ta kan bar abin da ta ke yi? In amsar duka uku i ce, hankali ya kwanta. In ɗaya ta zama a'a, to, akwai magana. Babbar cikinsu ita ce ta fari, gama cikin ɓeran Masar ba ya son zama wofi. Wanda ya yi sa'a 12 bai ci kome ba yana cikin hatsari. Yana da kyau kuma a riƙa auna shi a sikeli sau ɗaya a mako, a rubuta a littafi, domin rama ta kan rigayi sauran alamu bayyana.

A lura kuma da zafi. Dabbar duwatsu ce mai son sanyi-sanyi. Da bazara, in zafi ya kai digiri 30, ta kan miƙe ƙasa tana haki, miyau na zuba. Wannan ba gajiyar guje-guje ba ce. A kai ta inuwa nan da nan, a shafa mata ruwa mai ɗan sanyi, a nemi taimako.

Hatsarin barbarar kanta

Barbara ba cuta ba ce, amma tana da nata hatsari. Mace tana iya ɗaukar ciki tun tana da wata 1 da haihuwa, lokacin ba ta yi ƙwari ba. Don haka a kan ware 'ya'ya maza daga uwarsu da 'yan'uwansu mata in sun kai mako 3. Cikin ya kan yi kwana 59 zuwa 72, ta haifi 'ya'ya 2 zuwa 4 galibi, manya, da gashinsu da haƙoransu, idanu a buɗe. Saboda girman 'ya'yan, dole ƙashin ƙugunta ya buɗe kafin su fito. Likitocin dabbobi sun ce macen da ta wuce wata 6 ko 7 ba ta taɓa haihuwa ba, ƙashin nan ba ya buɗewa da sauƙi, haihuwa ta kan zo mata da gardama. Mai ciki kuma, in ta ƙi abinci kusa da haihuwa ta kwanta lis, tana bukatar likita a ranar. Bayan haka, sa'o'i kaɗan da haihuwa tana iya sake ɗaukar wani ciki, saboda haka a fid da namiji tun kafin ta haihu.

Abin da ya kamata a yi

In an ga alamar ciwo, a sa dabbar wuri mai tsabta da inuwa, a ajiye mata ruwa da ciyawa kusa, a gaya wa babba a gida, a kai ta asibitin dabbobi ba da jinkiri ba. Kada a ba ta maganin mutane. Fenisilin da danginsa, waɗanda ke warkar da ɗan Adam, suna kashe ɓeran Masar, domin su kan hallaka ƙwayoyi masu amfani da ke cikin hanjinsa. Rigakafi kuwa ya fi magani: ciyawa mai yawa kullum, da ɗanyen ganye da tattasai marar yaji saboda bitamin C, da ruwa mai kyau, da akurki mai faɗi busasshe. In za a ɗauke shi a sa hannu biyu, ɗaya a ƙirji ɗaya a ƙugu.

Dabba ba ta da bakin da za ta faɗi inda ke mata ciwo. Wanda ya ɗauki kiwonta ya ɗauki amana, idonsa ne bakinta. Yaron da ya kan zauna kowace safiya ya dubi dabbobinsa sa'ad da su ke lafiya, shi ne zai fara ganewa ran da ɗaya ta sāke.

Tambayoyi

1. Ina ne asalin ɓeran Masar?
2. Don me ya ke ɓoye ciwonsa?
3. Yaya za a bambanta taƙamar namiji da ɗingishi?
4. Faɗi tambaya uku da mai kiwo zai yi wa kansa.
5. Me ya sa ba a ba ɓeran Masar fenisilin?