In Magana Tana Yankewa A Akwatin Intanet Na Gida

In kaka ta yi, ko wane manomi yana so ya ji kuɗin dawa da wake a kasuwar Dawanau kafin ya saki hatsinsa. In murya ta yanke ana tsakiyar ciniki kuwa, mai saye sai ya nemi wani. To, ga abin dubawa.

Tafiyar saƙon nan zango biyu ce, watau daga hasumiyar kamfani zuwa akwatin da ke ɗaki, sa'an nan daga akwatin zuwa wayar hannu. Sai ka tsaya dab da akwatin ka gwada. In magana ta fita sosai a nan amma ta lalace a zaure, laifin bango ne, gama katanga mai kauri da kwano suna tare saƙo ƙwarai. Ɗaga akwatin sama, kada ka bar shi ƙasa bayan buhuna. In yana da layi biyu, mai lamba 2.4 ya fi mai lamba 5 ratsa bango, ko da yake na 5 ɗin ya fi sauri daga kusa.

In kuwa dab da shi ma babu daɗi, dubi fitilunsa masu nuna ƙarfin sabis, ka bi da shi taga taga har ka sami wadda ke fuskantar hasumiya.

Nawar nan ta bayan magariba, lokacin da gari duka ya taru a hasumiya guda, ba gyaran mai gida ba ce, sai dai ka kira da safe. Amma in yara ne ke kallon bidiyo, lalle ka ce su dakata har a gama ciniki, don hanya ɗaya kuke rabawa.